Inuwar Giginya: Ma'aikacin Otal a Ikko Tsakanin Baƙo da Iyali

Wanda ya taɓa fitowa bakin titi a Agege da ƙarfe huɗu da rabi na asuba ya san su. Akwai mahauta masu sammakon mayankar Oko-Oba, akwai masu tafiya Mile 12 taryen motocin tumatir da albasa, sannan akwai wasu da za ka gani tsaf-tsaf, baƙin takalmi ya sha goga, inifom a naɗe cikin leda don kada ya yamutse a danfo, motar hayar Ikko. Ma'aikatan otal ke nan. Dutin safe da bakwai yake farawa, otal ɗin kuwa yana can Victoria Island ko Lekki. Mota ɗaya zuwa Oshodi, wata ta haye gadar Third Mainland mai tsawon kilomita 11.8 ta sauke su Obalende, ta uku ta ƙarasa da su. Lokacin asuba a Ikko ba ya shiga sai bayan biyar, saboda haka da yawansu a hanya suke sallah, ko a wani lungu bayan ɗakin wanki in sun isa. Yara na barci suka fito. In mai karɓar su ya makara, yara na barci za su koma.

Ɗan yayata yana cikinsu. Shekararsa ta huɗu ke nan a sashen wanki da guga na wani otal a tsibirin, kuma daga bakinsa da na abokan aikinsa masu zama majalisarmu na fahimci abin da nake so in warware a nan. Galibi akan ɗauka damuwar ma'aikacin otal ba ta wuce ƙarancin albashi da tsawon awoyi ba. Duka biyun suna nan. Amma da sauraro ya yi nisa sai na lura akwai kukan da ya fi su yawan fitowa: mutum bai san lokacinsa ba. Ba ya iya ce wa matarsa ranar Laraba zan kai ki awo. Ba ya iya ce wa mahaifinsa ina nan tafe ɗaurin auren ƙanwata. Larabar ba tasa ba ce sai an manna jadawali a bango ya je ya duba.

Zaman Hausawa a Ikko ya girmi otal-otal ɗin nan nesa ba kusa ba. Goro da shanu suka kawo kakanninmu, layin dogon da ya haɗe Ikko da Kano a 1912 ya ƙara zaunar da su a Agege da sauran zanguna. Manyan masaukan baƙi daga baya suka zo: Federal Palace a 1960, shekarar samun 'yancin kai, Eko a 1977, shekarar bikin al'adun baƙar fata na FESTAC, Sheraton na Ikeja a 1985, har zuwa Marriott na Ikeja da aka buɗe a 2021. Waɗannan su ne suka yi suna, amma ɗimbin ma'aikata a ƙananan wurare suke, masu ɗaki ashirin ko talatin, da suka cika Ikeja da Surulere da Festac da Ajah, inda mai otal shi ne manaja, shi ne akanta, shi ne alƙali. Mutanenmu daga bakin get suka fara: gadi, gashin tsire, ban ruwan fulawa, tuƙi, canjin kuɗi. Yau akwai yaranmu da suka karanta girki da tafiyar da otal a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna ko a NIHOTOUR, cibiyar gwamnati mai koyar da aikin otal da yawon buɗe ido, suna risafshan, suna kicin, suna ofishin lissafi. Jadawalin dai bai bambanta mai difloma da maigadi ba.

Kafin a ɗora wa kowa laifi, sai an gane yadda kasuwar take. Otal ba ya rufe ƙofa, dare da rana, shekara ta zagayo. Hajarsa kuma ba ta ajiyuwa. Mai shinkafa in bai sayar yau ba buhunsa na nan gobe. Ɗakin da ya kwana ba baƙo kuwa kuɗin wannan daren ya tafi ke nan, ga shi an ƙona dizal a janareta, ga albashi na jira. Shi ya sa idon manaja kullum yana kan adadin ɗakunan da aka kama. Baƙi suka yi yawa, a kira kowa har da mai hutu. Suka ragu, a ce wasu su zauna gida. Wani kamfani ya bugo waya ranar Alhamis yana son zauren taro na mutum ɗari uku ranar Asabar, ba mai otal ɗin da zai ce a'a. Rashin tabbas ɗin na gaske ne. Amma a dubi inda yake sauka: ya gangaro daga manaja zuwa sufabaiza, daga sufabaiza zuwa mai gyaran ɗaki, daga shi kuma ya faɗa kan matarsa da ta riga ta saka mayafi tana jiran ya zo su tafi asibiti.

A manyan wurare duti uku ne: safe daga bakwai zuwa uku, yamma daga uku zuwa sha ɗaya, dare daga sha ɗaya zuwa bakwai, wasu sukan ja shi baya da awa guda. A takarda awa takwas-takwas ne. A aikace ba ka tafiya sai mai karɓarka ya iso, shi kuma yana cikin gosulo. Mai kai abinci ba ya tashi sai teburin ƙarshe ya tashi, 'yan bikin Asabar a Ikko kuwa ba ruwansu da agogo. Masu gyaran ɗaki tsakiyar ranarsu tsere ce: baƙo na fita da sha biyu, wani na shigowa da biyu ko uku, a ɗan tsakanin nan za a sauya zanin gado, a wanke banɗaki, a jera tawul, ɗaki bayan ɗaki har goma sha wani abu. Abin da ya fi karya jiki shi ne juyin duti, wannan mako safe, wancan dare, wani lokacin ma ka tashi sha ɗaya na dare a sa ka safe washegari. A ƙananan otal kuwa akwai tsarin kwana ɗaya cur a bakin aiki, kwana ɗaya a gida, masu gadi kuma awa sha biyu ce ƙa'idarsu.

Ga kuma kalanda da ta juya masa baya. Ranar da duniya ke hutu ita ce ranar kasuwarsa: Asabar da Lahadi, hutun Sallah, Kirsimeti, musamman watan Disamba da Ikko ke cika da 'yan ƙasar waje da suka dawo gida, ana bukukuwa da wasanni kusan kowane dare. A irin wannan watan, wanda ya nemi hutu kamar ya nemi a sallame shi ne.

Sai hanya, wadda aiki ne na biyu da ba mai biyan sa. Ma'aikaci ba zai iya kama haya kusa da inda yake aiki ba. Dokar haya ta Jihar Legas ta 2011, wadda ta hana karɓar fiye da kuɗin shekara ɗaya daga sabon ɗan haya, ta ware Ikoyi da Victoria Island da Apapa da GRA ta Ikeja ba ta shafe su ba, ko da ta shafe su ma kuɗin can ba na mai guga ba ne. Dole ya koma Agege, Idi-Araba, Ijora, Ajegunle, ko ya tsallaka cikin Jihar Ogun. Awa biyu zuwa, awa biyu ko uku dawowa, sai dutin awa takwas ya koma sha biyu ko sha uku. Tun da aka janye tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 1,000 a ƙarshen 2024, kuɗin mota ya bi ta. Acaɓa da ke fitar da mutum kunya in ya makara an hana shi tun 1 ga Yunin 2022 a ƙananan hukumomi shida, ciki har da Ikeja da Eti-Osa, wato daidai inda otal-otal suka fi yawa. Jirgin ƙasan Red Line da ya fara ɗaukar fasinja a 2024 ya taimaki mutanen Agege, sai dai a Oyingbo ya tsaya, bai haye ruwa ba, kuma bai amfani mai tashi sha ɗaya na dare da komai ba. Wannan ko ya shiga motar da bai yarda da ita ba, ga tsoron 'yan fashin da ke ɗaukar fasinja da sunan haya, ko ya shimfiɗa kwali a ɗakin canza kaya ya kwana. Da yawa kwanan suke yi. A ƙidayar otal ya tashi aiki. A ƙidayar matarsa bai dawo gida ba.

A nan ne lamarin Bahaushe ya bambanta da na abokin aikinsa ɗan gari, domin gida iri biyu gare mu. Akwai wanda iyalinsa ke nan tare da shi a ɗaki ɗaya ko ciki da falo. Shi buƙatarsa awoyi ne ƙanana amma tabbatattu: yammacin da zai tarar da yara sun dawo Islamiyya, safiyar da zai je makaranta ya ga malami, Juma'ar da zai riƙe hannun ɗansa zuwa masallaci. Akwai kuma wanda ya bar iyali a Arewa wurin iyayensa, shi yana nan cikin samari huɗu ko biyar a ɗaki guda. Wannan hutun kwana ɗaya a mako ba ya yi masa maganin komai, wanki kawai zai yi ya yi barci. Shi kwanaki yake so a jere. Daga Ikko zuwa Kano kusan kilomita dubu ne, wuni da wani yanki na dare a mota, Maiduguri ta fi haka. Dokar Ƙwadago kuwa mafi ƙarancin hutun shekara da ta tanada kwana shida ne na aiki, bayan an cika wata sha biyu. A cire kwanan tafiya da na dawowa, a cire ranar da zai kwanta jinyar gajiya, a ga abin da ya rage wa mata da 'ya'ya da tsofaffi da gaisuwar mutuwar da ta taru tun bara. Ɗan ci-rani na da, mai tallan ruwa ko yankan farce, talaucinsa ya fi, amma da hadari ya haɗo yake ɗaure kayansa ya koma gona ba tare da neman izinin kowa ba. Mai albashi ya sayar da wannan 'yancin, sau da yawa bai san ya sayar ba sai ranar da ya buƙace shi.

Ɗan yayata ya sani ne ranar da matarsa ta haihu a can gida, cikin Disamba. Ya nemi kwana biyar, aka ce ya bari sai baƙi sun ragu. Kakan yaron ne ya yi masa huɗuba, aka yanka ragon da ya tura kuɗinsa, shi kuma ya ji sanarwar suna ta waya yana tsaye gaban injin busar da tawul. Da ya zo wurina da daddare bai yi zagi ba, bai yi kuka ba. Cewa ya yi, "Kawu, kuɗin ragon nan fa a wurin nan na same shi." Na ce masa haka ne, ɗana. Ya yi shiru, can ya ce amma zuwa da kai ya fi aike. Har yau ban sami amsar da zan ba shi da za ta ɗauke duka maganganun biyu ba.

Addininmu bai ɗauki wannan ƙaramin abu ba. Sananne ne cewa Sayyidina Umar ya tambayi 'yarsa Hafsa iya tsawon lokacin da mace za ta jure rashin mijinta, sannan ya ƙayyade watannin da mayaƙi zai yi bai koma gida ba. In an yi wa mai jihadi iyaka, ina ga mai wankin zanin gado? Hadisin Salmanu da Abud-Darda'i kuma ya jera haƙƙoƙi uku a kan mutum, na Ubangijinsa, na ransa, na iyalinsa, aka ce a ba kowane mai haƙƙi haƙƙinsa. Turo kuɗin cefane ta waya ya sauke wani ɓangare, bai sauke duka ba.

Masana halayyar ma'aikata sun daɗe suna nazarin wannan karo. Wasu Amurkawa biyu, Greenhaus da Beutell, a 1985 sun kasa shi uku: aiki ya cinye lokacin gida, ko ya dawo da mutum a gajiye ta yadda yana gida amma ba shi da amfani, ko kuma halin da aiki ya ɗora masa ya ƙi dacewa da na gida. Na farko kowa na ganinsa. Na biyu matan ma'aikata sun fi kowa saninsa: maigida ya dawo dutin dare da tara na safe, ɗaki ɗaya ne, ga zafi, ga janaretan maƙwabta, sai aikin uwa ya koma korar yara waje, ku yi shiru Babanku na barci. Yaro ya tashi ya san mahaifinsa a matsayin mutumin da ba a surutu in yana nan.

Na ukun ne nake ganin ba a cika maganarsa ba, alhali a otal ya fi ko'ina tsanani. Mu muka ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, to otal fuskar nan yake saya. Wata masaniya mai suna Arlie Hochschild, da ta yi nazarin ma'aikatan cikin jirgin sama a 1983, ta nuna cewa murmushin dole aiki ne mai cin ƙarfi kamar ɗaukar kaya. Baƙo ya zage ka kan ruwan zafin da ba kai ka kashe ba, ka ce yi haƙuri yallaɓai. Ya kira ka da fito ko tafi kamar yaron gidansa, ka amsa da fara'a. Wani sa'an ɗanka ne. Wuni guda kana haɗiye magana, haƙurin ya ƙare ƙarƙaf kafin ka iso Oshodi. Ka shiga gida yaro ya zubar da shayi, sai tsawar da ta taru tun safe ta sauka a kansa. Matar ta ga hotonka a wurin aiki kana washe baki da baƙi, ta tuna rabon da ka yi mata dariya. Inuwar giginya ke nan, na nesa ka sha. Kuma ba mugunta ba ce, ƙarewa ce.

Jiki ma yana biyan nasa. Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun fitar da rahoto a 2021 cewa mai aikin awa 55 ko fiye a mako haɗarin shanyewar ɓarin jiki ya ƙaru masa da kashi 35 cikin ɗari, na mutuwa da ciwon zuciya da kashi 17, in an gwada da mai awa 35 zuwa 40. Maigadin da ke awa sha biyu kwana shida yana kan 72.

To me doka ta ce? Ta ce abubuwa da dama da ma'aikatanmu ba su sani ba. Cikin wata uku da fara aiki dole a ba ka takarda mai bayyana sharuɗɗan aikinka. In aikinka ya kai awa shida a rana, kana da hutun da jimillarsa ba ta gaza awa ɗaya ba. A kowane kwana bakwai kana da hutun awa 24 a jere. Kana da kwana sha biyu na rashin lafiya a shekara da albashinka, in likita ya tabbatar. Mace na da mako sha biyu na haihuwa, da aƙalla rabin albashi in ta yi wata shida tana aiki, da rabin awa sau biyu a rana don shayarwa. Dokar fansho ta 2014 ta ce mai aiki ya zuba kashi 10, ma'aikaci kashi 8. Mafi ƙarancin albashi ya tashi daga naira 30,000 zuwa 70,000 a Yulin 2024. Amma akwai ramuka. Dokar ba ta yanke adadin awoyin mako ba, ta bar shi ga yarjejeniya. Ba ta faɗi nawa ne kuɗin ƙarin lokaci ba. Dokar mafi ƙarancin albashi ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, ƙananan otal da yawa kuwa nan suka faɗa. Hutun uba in an yi masa haihuwa, kwana goma da Jihar Legas ta ba ma'aikatanta tun 2014 da kwana sha huɗu na gwamnatin tarayya, na ma'aikatan gwamnati ne. Game da jadawali kuwa, yaushe za a fitar da shi, yaushe za a iya sauya shi, ba ta ce uffan ba.

Rami mafi zurfi shi ne kwantiragi. Gadi, shara, wanki, masu hidimar biki, yanzu sau da yawa ba otal ke ɗaukar su ba, wani kamfani ne ke kawo su. Inifom ɗaya, aiki ɗaya, amma wannan ma'aikacin otal ne wancan ɗan kwantiragi. Na farko, in wurin na da ƙungiya, NUHPSW ta ƙananan ma'aikata ko HAPSSSA ta manya, yana da hutun da ya fi na doka, da asibiti, da wanda zai tsaya masa in an ba shi takardar tuhuma. Na biyu in ya ce zai je gida wata guda sai a ce ya je, in ya dawo ya tarar da wani a gurbinsa. Da aka rufe Ikko saboda korona a ranar 30 ga Maris 2020, kowa ya ga waɗanda aka fara cewa su zauna gida. Kuma guraben da mutanenmu suka fi yawa su ne daidai waɗanda aka fi miƙa wa 'yan kwantiragi. Kotun Ma'aikata ta Ƙasa tana nan Ikoyi, amma wanda ba shi da ko takardar shaidar ɗauka da me zai je?

Akwai kuma kuɗin hidima, wanda suke kira sabis caj. Baƙo in ya duba rasit zai ga kashi 7.5 na harajin VAT, kashi 5 na harajin jiha da Legas ta ɗora wa otal da gidajen abinci tun 2009, da kuma, a wurare da yawa, kashi 10 na hidima, wanda don ma'aikata ake karɓar sa. A watan kasuwa yana iya zama babban ɓangare na abin da mutum zai kai gida. Wannan ne ya ɗaure ma'aikaci da igiya biyu: watan da ya fi buƙatar zuwa gida shi ne watan da rabon ya fi tsoka. A inda ake manna lissafi kowa ya ga abin da aka tara da yadda aka raba, mutane na jure wahalar Disamba da zuciya ɗaya. A inda sai dai ka ga abin da aka ba ka, an ce an cire na fasassun kofuna, ba abin da ke kashe zuciyar ma'aikaci kamarsa. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Wanda ya wanke zanin gadon ya san ɗaki nawa aka kwana.

Wani nauyin kuma namu ne mu kaɗai, ba ya cikin littafin kowane manaja. Kalmar otal a kunnen mutumin Arewa ba ta da daɗi, giya da masha'a take kawowa a rai. Na san masu ce wa surukai a kamfani suke aiki. Saurayi ya je neman aure a tsaya bincike kan halaccin albashinsa. Wanda aka tura sashen da ake kai barasa yana cikin damuwa ta gaske, wasu sun nemi a mayar da su wanki ko gadi ko da tukuicin can ya fi. Ga sallar Juma'a da ke faɗowa daidai lokacin fitar baƙi da shigowar wasu, ga azumi a gaban murhu, ga buɗa-baki a tsaye da dabino uku cikin aljihu. Mutumin da ba ya iya faɗin sunan aikinsa a gidansu da wuya ya ji daɗinsa, ko nawa ake biyansa. A ganina al'umma na da laifi a nan. Saukar baƙo da ciyar da shi sana'ar fatoma ce da muka gada tun zamanin ayari. A yi wa mutum hukunci da abin da hannunsa ke yi, kada a yi masa da sunan ginin.

Mata kuwa nasu ya ninka. 'Yan matanmu da ke risafshan ko kicin ba su da yawa, kuma aure kan zo da sharaɗin barin dutin dare ko barin aikin ɗungurum. Wadda ta ci gaba, in ta tashi wannan dutin wani ke jiranta a gida, ga maganar ɗankwali da inifom, ga baƙon da bai san iyakarsa ba.

Duk da haka kada a ɗauka kowa kuka yake. Na ga kukun da in yana ba da labarin yadda ya ciyar da mutum ɗari biyar ba a sami ƙorafi ko ɗaya ba, fuskarsa har haske take. Na ga maigadin da ya san sunan kowane tsohon baƙo, suna tambayarsa in ba su gan shi ba. Aikin na koya tsabta, da tsari, da iya magana da kowane irin mutum, wasu daga nan suka buɗe gidan abinci ko shagon wanki nasu, wasu suka sami hanyar Dubai ko Saudiyya. Wani masani mai suna Frederick Herzberg tun 1959 ya raba abubuwan da ke shafar jin daɗin aiki gida biyu: waɗanda rashinsu ke kawo ƙorafi, kamar albashi da yanayin wurin aiki da halin shugaba, da waɗanda ke sa mutum ya so aikin, kamar yabo da ƙwarewa da ƙarin girma. Na yarda da shi, sai dai a Ikko na ga na biyun ba ya tsayawa in na farkon ya rushe. An ba mutum takardar gwarzon wata an rataye hotonsa a bango, a makon kuma aka soke hutunsa ta saƙon waya da goma na dare. Wanne zai tuna?

Abin da ya sa na nace kan jadawali shi ne gyaransa ya fi komai araha. Yarjejeniya ta 172 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda aka yi a 1991 musamman don otal da gidajen abinci, ta ce a sanar da ma'aikata jadawalinsu da wuri gwargwadon iko don su tsara rayuwarsu da ta iyalinsu. Manna jadawalin mako biyu ba ya cin ko kwabo. Hana a haɗa wa mutum dutin yamma da na safe a jere ba ya ci. Barin wanda iyalinsa ke nesa ya tara ranakun hutunsa ya haɗa da na shekara, ya tafi a lokacin da kasuwa ta lafa bayan Janairu, riba ce ma ga mai otal, don ya huta da neman sabon ma'aikaci da koya masa aiki duk bayan 'yan watanni. Motar ma'aikata ta dare da ɗakin kwana mai mutunci su ne masu cin kuɗi, manyan wurare kuma wasu suna yi. Ikko ma ta ba mu wata dama da ba ko'ina ake samu ba: Musulmi da Kirista a sashe ɗaya. Ka riƙe mini Sallah in riƙe maka Kirsimeti, ka tsaya mini Juma'a da azahar in tsaya maka Lahadi da safe. Ma'aikata sun daɗe suna yin haka a tsakaninsu. Abin da ya rage shi ne sufabaiza ya amince a rubuta, don kada ranar da abu ya ɓaci a ce wane ya gudu daga aiki.

Mu ma da muke kawo yara daga gida muna sama musu aiki, tambayarmu ba ta wuce nawa ne albashi. Ya kamata a ƙara: wa ya ɗauke ka, otal ko ɗan kwantiragi? Za a ba da takarda? Yaushe ake fitar da jadawali? Ana barin musanya? Hutun shekara kwana nawa ne, kuma ana haɗa shi? Shugabannin zango da limamai da ke da faɗa a ji wurin masu ɗaukar masu gadi za su iya sa baki a kan waɗannan kamar yadda suke sa baki in yaro ya shiga hannun 'yan sanda.

Ɗan yayata sai cikin Fabrairu ya ga ɗansa, ya kwana huɗu ya juyo. Bara otal ɗin ya ɗauke shi kai tsaye, ya fita daga hannun ɗan kwantiragi, ya karɓi takardarsa ya kawo mini na karanta masa ita layi-layi. Ya yi yarjejeniya da wani abokin aikinsa mutumin Akwa Ibom, shi ya tsaya masa Kirsimeti da sabuwar shekara, wancan zai tsaya masa Babbar Sallah. Jadawalinsu dai har yanzu ranar Lahadi da daddare yake fita. Yana zuba adashi, yana neman ɗaki a wajen Agbado kusa da tashar jirgi, yana so ya ɗauko matar da yaron kafin a sa shi makaranta. Mahaifiyarsa ba ta amince ba tukuna. Ta ce in ya kawo su, wa zai zauna da su ranar da ya kwana a wurin aiki?